Allurar mura ta dala biliyan 9: masu cewa rigakafi ya gama aiki su dakata tukuna

Tun da kamfanin Merck ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa zai sayi Cidara Therapeutics, kamfanin da ya ƙirƙiro wani sabon maganin mura, a kan kusan dala biliyan 9.2, wata magana ta fara yawo wadda take ɓata mini rai duk lokacin da na ci karo da ita. Wai an samo allura guda ɗaya mai kare mutum daga murar infuluwenza tsawon kakar sanyi, don haka zamanin allurar rigakafi ya wuce. Masu wannan magana har murna suke yi, kamar waɗanda aka ba gaskiya bayan doguwar shari'a. Yawancinsu dama can ba su taɓa yarda da rigakafi ba, yanzu sun sami sandar da za su dogara da ita.

Maganin da ake ta zuzutawa, CD388, aiki ne na ƙwarai, kuma ba ni da ja a kan wannan. Tsohon magani ne aka yi wa sabuwar dabara. Zanamivir, wanda ake shaƙa tun 1999 da sunan Relenza, yana toshe wani sinadari da ƙwayar cutar ke amfani da shi kamar almakashi don ta yanke kanta daga ƙwayar jikin da ta kama ta shiga ta gaba. Matsalarsa ita ce ba ya daɗewa a jiki. Sai masu binciken Cidara a San Diego suka ɗaure ƙwayoyin maganin da yawa a jikin wani guntun sojan garkuwa na ɗan Adam, irin guntun da jiki ba ya saurin zubarwa, yana ta mayar da shi cikin jini. Da haka maganin da ke wucewa cikin awanni ya koma mai zama watanni. A gwajin NAVIGATE, wanda aka fitar da sakamakonsa a watan Yunin 2025, mutum kusan 5,000 aka yi wa aiki a Amurka da Birtaniya, kuma mafi girman adadin maganin, miligiram 450, ya rage kamuwa da kashi 76 cikin 100 a tsawon makonni 24.

Wannan kashi 76 ɗin ne aka ɗauka ana jifan rigakafi da shi, tunda shi rigakafin, a shekarar da aka dace, kashi 40 zuwa 60 yake bayarwa. To amma su wa aka gwada? Manya ne masu lafiya, 'yan shekara 18 zuwa 64, waɗanda ba a yi wa rigakafi ba, cikin gwajin da aka tsara aka sa ido a kansa, a kakar sanyi guda ɗaya tak. Alƙaluman rigakafi kuwa an tattaro su ne daga asibitoci, shekara da shekaru, tare da tsofaffi da masu ciwon suga da masu ciwon huhu duk a ciki. Wanda ya jera waɗannan lambobi biyu ya ce ɗaya ta ci ɗaya, ko dai bai karanta ba, ko kuma ya karanta yana son ya ruɗi jama'a. Babban gwajin mataki na uku, ANCHOR, wanda ya ɗauki mutanen da mura ke iya kashewa, sai a watan Satumban 2025 aka fara shi. An fara rabon nama kafin a kama saniyar.

Mun ma taɓa ganin irin wannan zumuɗi. Bayan fargabar murar tsuntsaye a tsakiyar shekarun 2000, gwamnatoci sun yi rige-rigen tara maganin mura na Tamiflu. Birtaniya kaɗai ta kashe fam miliyan 424 a kansa. Da masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane suka matsa har aka ba su cikakkun bayanan gwaje-gwajen, suka fitar da rahoto a 2014, sai ga shi abin da maganin ke rage wa babban mutum daga kwanakin jinya bai kai yini guda ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke shi daga sahun farko na jerin muhimman magunguna. Yana da amfani ga mai tsananin ciwo, musamman idan an fara shi cikin awa 48, amma bai kai inda aka kai shi da baki ba.

Sannan akwai abin da masu murna ba sa son a ambata, wato ƙwayar cutar tana koyon kauce wa magani. Wani tsohon magani, amantadine, ya tashi daga aiki a kan mura saboda haka. A kakar 2008 zuwa 2009 kusan duk nau'in mura na H1N1 da ke yawo ya daina jin Tamiflu, saboda canji ɗaya tak a jikinsa. Baloxavir, na kamfanin Shionogi na Japan, wanda ya fito a 2018 da alfaharin cewa sau ɗaya ake sha, tun a gwaje-gwajensa aka ga ƙwayoyin da suka rage jin sa, musamman a jikin yara. Gaskiya ne zanamivir ya fi sauran wuyar kaucewa, saboda ya yi kama sosai da abin da ƙwayar cutar ke kamawa a jiki. Amma ba a taɓa zuba shi a jinin miliyoyin mutane ya zauna wata shida yana raguwa sannu a hankali ba. Wanda ya ce a ɗauke rigakafi a ba kowa wannan, yana cewa ne a ɗora kaya duka a kan jaki ɗaya, alhali mun ga yadda jakunan baya suka durƙushe.

Inda maganin yake da daraja ta gaske, can ne ake yi masa rashin adalci da wannan surutu. Rigakafi koyarwa yake yi, yana nuna wa garkuwar jiki abokin gaba don ta shirya. Akwai jikin da ba ya ɗaukar karatun: tsoho mai shekara 80, mai shan maganin ciwon daji, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai cutar HIV da ta yi nisa. Su ne allurar da ba ta jiran garkuwar jiki za ta ceta, kuma ba ruwanta da ko an dace da hasashen nau'in da zai zo a shekarar. Na tuna wata gwaggona mai ciwon suga, da hunturun wata shekara. Mura ce, kowa ya ce mura ce. Aka aiki yaro kemis ya dawo da farasitamol da maganin tari da wasu kafso ja da rawaya a ƙullin leda, aka dafa mata citta da kanumfari. Kwana huɗu tana tari a ɗaki, rana ta biyar numfashi ya gagara, aka kwashe ta sai asibiti, aka ce ciwon ya sauka huhu. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma babu wanda ya gwada ko infuluwenza ce, don babu abin gwadawa. Irinta ce ya kamata a yi wa wannan allura, a kan rigakafi, ba a madadinsa ba.

Kuma a nan ne haushina yake ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa murar shekara-shekara tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 ta hanyar ciwon numfashi, kuma kashi 99 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke mutuwa da ita a ƙasashe masu tasowa suke. Kamfanin da ya zuba dala biliyan 9.2 ba sadaka ya fito yi ba, zai nemi kuɗinsa a inda inshora ke biya. Masu cewa kasuwa za ta sauko da farashi da kanta su je su tambayi masu ciwon suga nawa suke sayen insulin bayan shekara ɗari da gano shi. Lenacapavir, allurar kariya daga HIV ta sau biyu a shekara, sama da dala 28,000 a shekara aka sa mata a Amurka. Ba don an yi ta hayaniya ba, da ba a kai ga yarjejeniyar dala 40 a shekara ga ƙasashe 120 daga 2027 ba. A kan maganin mura kuwa shiru kake ji, kowa na kallon farashin hannun jari.

Abin ya zo daidai lokacin da gwamnatin Amurka, a ƙarƙashin sakataren lafiya Robert F. Kennedy Jr., ta soke kwangilar Moderna ta rigakafin murar tsuntsaye a watan Mayun 2025, sannan a watan Agusta ta janye kusan dala miliyan 500 daga binciken rigakafin da ake yi da fasahar mRNA, alhali murar tsuntsaye ta H5N1 na yawo a cikin shanun madara a can tun Maris ɗin 2024. Mu da muka ga yadda aka fara gano wannan cuta a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a 2006, muka ga an ƙona kaji an binne, mun san ba abin wasa ba ce. Mun kuma san abin da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003 ya jawo wa yaranmu. Yanzu a ce daga ƙasar da ake ƙera magungunan ake ba masu ƙin allura ƙwarin gwiwa, har su ɗauki sabon bincike su mayar da shi hujja, wannan abin kunya ne ga masu yi da masu tafa musu.

Tun kafin hukumomi su amince da maganin ya kamata ƙasashenmu da Hukumar Lafiya ta Duniya su fara zancen lasisin yin samfurin mai sauƙi, su kuma nemi a shigar da 'yan Afirka cikin gwaje-gwajen da suka rage. Ma'aikatun lafiyarmu kuma su fara da abin da ke hannu: kayan gwajin mura a manyan asibitoci, da rigakafin shekara-shekara ga tsofaffi da masu juna biyu da maniyyata aikin Hajji, waɗanda kowace shekara suke dawo mana da tari daga Makka.