Ƙannena Masu Haɗa Gem, Ku Daina Goge LICENSE

Assalamu alaikum. Kwanan nan wani zip ke yawo a guruf-guruf na Telegram, ƙaramin kayan aiki ne na Godot, injin haɗa gem, mai tsara hira tsakanin 'yan wasa. Wani ya sauko da shi daga GitHub, shafin da ake ajiye kod, ya goge fayil ɗin LICENSE mai ɗauke da sharuɗɗan amfani da shi, ya cire sunan mai shi daga saman kod, ya liƙa nasa, har da lambar asusu wai don tallafi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Abin haushin, lasisin MIT ne. Mai shi ya yarje maka ka yi amfani da shi, ka gyara, ka raba, ka ma sayar. Abu ɗaya tak ya roƙa: ka bar sanarwar haƙƙin mallakarsa da rubutun lasisin a cikin kowane kwafi. Rubutun bai cika shafi ɗaya ba, amma shi ne ya tsone muku ido. Godot kansa tun 2014 yake ƙarƙashin MIT, kuma duk gem ɗin da ka fitar da shi sai ka haɗa da wannan sanarwa, ko a shafin godiya ko a fayil na daban. Ku nawa ne ke sawa?

Kuma ɓarnar ba a kan mai shi kaɗai take ba. Kod ɗin da babu lasisi a jikinsa, a doka ba a ba kowa izinin komai ba. Wanda ka tura wa zip ɗin, ranar da kamfani ko kantin sayar da gem ya tambaye shi hujja, ba shi da abin nunawa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wani lasisin, GPL, wanda ya fi MIT tsauri. Blender, manhajar zanen 3D, a ƙarƙashinsa yake. Abin da ka zana da shi naka ne, amma ƙarin kayan aikin da ka rubuta masa da yaren kod na Python, in za ka raba, dole lasisinsa ya dace da GPL, kuma ka ba da kod ɗin a buɗe. Sayarwa ta halatta, ɓoyewa ce ba ta halatta ba. Sharuɗɗan Unreal, wani injin haɗa gem, sun hana haɗa kod ɗin GPL da injinsu. To wanda ya goge LICENSE ya tura maka, ta ina za ka san gubar da ka zuba a aikinka? A 2014 ɗaya daga cikin masu rubuta CraftBukkit, manhajar sabar gem ɗin Minecraft, ya shigar da ƙorafin keta haƙƙin mallaka (DMCA) saboda an cakuɗa kod ɗinsa na GPL da rufaffen kod ɗin Mojang, kamfanin da ya yi Minecraft, aka sauke manhajar daga intanet. Aikin shekaru, mutum ɗaya ya tsayar da shi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Kayan Unity Asset Store kuwa, kantin kayan haɗa gem na injin Unity, ba na rabo ba ne sam. Kana iya sa abin da ka saya cikin gem ɗinka, amma ba ka da ikon tura ainihin fayilolin ko jibge su a GitHub a bainar jama'a, kuma kayan edita, wato waɗanda ake ƙara wa manhajar Unity kanta, kowane mai amfani sai ya sayi nasa. Masu wannan rabon su ne dai masu Windows na sata, masu rubuta "CEO" a Facebook alhali ko gem ɗaya ba su kammala ba.

A da, almajiri ba ya kawo karatu sai ya ce daga wurin malam wane ya ji, har ya yi masa addu'a. Faɗin inda ka samo abu daraja ce. Yanzu yaro zai kwashe guminka da daddare, da safe ya sa hotonsa a kai, 'yan guruf su yi ta tura masa alamar wuta, babu ko mutum ɗaya da zai tambaye shi ina LICENSE ɗin ya shiga. Ku ji tsoron Allah, ku mayar da sunan bawan Allah nan inda kuka same shi.