Kyautar rana ɗaya ba ta sa mutum ya zama mai kyauta

Jama'a, muna saurin kiran mutum nagari. Ya yi alheri sau ɗaya a gaban kyamara, shi ke nan an yanke masa hukunci.

Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya fayyace maganar a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin. A wurinsa hali yanayi ne da ya zauna daram a zuciya, har ayyuka suna fitowa daga gare shi cikin sauƙi, ba sai an tsaya dogon lissafi ba. Shi ya sa marowaci zai iya ba da kuɗi don a gani, kuma yana nan da rowarsa. Mai kyauta kuwa yana iya wayar gari babu ko sisi, halinsa bai je ko'ina ba.

Ginshiƙan nagarta huɗu ya lissafa: hikima, jarumta, kamun kai da adalci. Abin da aka fi mantawa shi ne mafi yawan kyawawan halaye suna zaune ne tsakanin ɓarna biyu, kamar yadda Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya faɗa tun da daɗewa. Jarumta tana tsakanin ragwanci da ganganci. Kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci, ku duba aya ta 67 a Suratul Furƙan.

To, ta ina ake fara gyaran hali? Da gano cutar, kuma nan ne wuyar, tunda laifi tudu ne. Nemi malami ko aboki mai faɗa maka gaskiya. Saurari abin da maƙiyinka yake faɗa a kanka. Zai yi ƙari, amma ba zai rufa maka asiri kamar masoyi ba. Sannan ka ɗauki hali ɗaya tak ka yi masa magani da kishiyarsa. Mai rowa ya tilasta wa hannunsa bayarwa, ko kaɗan ne, a kai a kai, kuma a ɓoye, don kada riya ta maye gurbin rowar. Da farko zai ji kamar ana yankar naman jikinsa. Haka mai koyon rubutu yake fama da alƙalami kafin hannu ya saba.

Inda ake yin ɓari shi ne wuce gona da iri. Wanda ya warke daga rowa sai ya zarce, ya bar iyalinsa da yunwa yana rabo a waje. Ga ma'auni: in riƙewa ta fi maka sauƙi a inda ya kamata ka bayar, da sauran rowa. In bayarwa ta fi maka daɗi a inda ya kamata ka riƙe, ka zarce, sai ka ja baya.