Sulhun da aka ce an yi, ga ƙanena kwana goma sha ɗaya a daji

Yau da safe na bar rumfata ta albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas a hannun yaro, na shiga danfo zuwa tashar da muke ɗora kaya in za a kai gida, na sha goslo awa biyu da rabi, don kawai in karɓi lambar wayar wani direba. Lamba na je nema, ba kuɗi ba. Na dawo babu lambar, sai baƙin cikin da har yanzu da nake rubutun nan hannuna bai daina rawa ba.

Autanmu aka ɗauke. Yau kwanansa goma sha ɗaya a hannun 'yan bindiga. Yaron nan acaɓa ya zo yi Legas, da aka hana babur a 2022 aka ƙwace nasa, ya dawo wurina yana dakon buhu a kasuwa, bai taɓa cewa ya gaji ba. Za mu aurar da ƙanwarmu bayan kaka, shi ne muka haɗa ɗan abin da Allah ya hore: katifa, keken ɗinki, da kwanuka. Da farko na ce kayan su tafi su kaɗai, kowa ya san yadda hanyar ƙauyenmu take a can yammacin Katsina. Sai ga labari an yi sulhu. Bidiyon ya zagaya wayoyinmu: an zauna a gindin bishiya, ga hakimi, ga manyan gari, ga liman, ga mutanen daji sun jeru da bindigogi a kafaɗa da jigidar harsashi a ƙirji, aka ɗaga hannu aka shafa fatiha. Kamishon tashar nan da kansa ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini. Ya ce, "Malam, hanya ta zama tafin hannu. Ko ƙarfe biyun dare yaro ya bi, ba abin da zai same shi." Ya karɓi kuɗin kaya, ya karɓi kuɗin kujerar yaro, ya ce yaronsa na can zai haɗa shi da ƙaramar motar da za ta ƙarasa da shi gida.

Kwana ashirin da uku da shafa fatihar nan, ranar kasuwa, da rana tsaka, aka tare ƙaramar motar. Suka kwashe mutum bakwai. Direban suka lakaɗa masa duka suka ƙyale shi. Shi ne ya ji sunan da suke kiran ubangidansu, shi ya ga ta inda suka kutsa daji. Dattawan gida suna son magana da shi don su san wace daba ce, su san wa za a tura. Sau biyu ke nan ana kiranmu da wayar yaron: miliyan huɗu, babur biyu, da katin waya. A kiran na biyu na ji muryarsa, abin da ya iya cewa kawai, "Yaya, ku taimaka."

Na iske kamishon zaune a benci ƙarƙashin rumfar kwano, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ɓare gyaɗa yana watsa ɓawon gabansa, idonsa a kan waya. Na yi sallama. Shiru. Na sake yi. Ya amsa can ƙasan maƙoshi, bai ɗago ba. Na rage tsawo, ni da furfura ta fara fito mini a gemu, na ce, "Alhaji, barka da hantsi. Ni ne na ɗora kayan auren nan, wanda aka ɗauke ƙanensa."

Ya ce, "To?"

Wallahi haka ya ce. Ba Allah ya kyauta, ba Allah ya bayyana shi, ba ya jikin tsohuwa. Na haɗiye, na ce, "Alhaji, lambar direban ƙaramar motar nake roƙo. Dattawa ne ke son su ji daga bakinsa."

Ya hura ɓawon gyaɗar da ke tafin hannunsa, ya watsa a baki, ya tauna sai da ya gama. Sannan ya ce, "Ba ma ba da lambar direba. Doka ce."

Na ce, "Don girman Allah, Alhaji, maganar rai ce. In ba za ka ba ni ba, kira shi da wayarka, ni zan sa maka kati, minti biyu kawai."

A nan ne ya ɗago ya dube ni, daga hula har silifa. Ya ce, "Kai malam, ina rasit ɗinka?" Na laluba aljihu na fito da shi, duk ya jiƙe da gumi. Ya karɓa da yatsa biyu, ya duba, ya ce, "Nan me aka rubuta? Kaya. Kayanka sun isa ko ba su isa ba?" Na ce katifa da kwanuka an tsince su a bakin hanya, keken kuwa sun tafi da shi. Ya ce, "To ai sun isa ke nan. Akwai cikon dubu goma sha biyar da ba ka ba ni ba. Yaushe za ka kawo?"

Jama'a, ƙanena yana ɗaure a daji, mahaifiyarmu kwana goma sha ɗaya ruwa kawai take iya haɗiya, mutumin nan cikon kuɗinsa yake tambaya. Na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na miƙe tsaye na ce, "Alhaji, ba kai ka ce mini an yi sulhu ba? Ba a wayar nan da ke hannunka ka nuna mini ba? Ba kai ka ce ko biyun dare ya bi ba?"

Ya yi dariya. Yaran tasha da ke jingine da tirela suka taya shi. Ya ce, "Ni na yi sulhun? Ka gan ni a gindin bishiyar? Je ka tambayi waɗanda suka ɗauki hoto da su." Ya juya wajen yaransa ya ƙara da cewa, "Kuma mutanen yankin nan, su suka san 'yan'uwansu na daji. Ba a ɗaukar wanda ba a kai rahotonsa ba." Ya jefo mini rasit ɗin, ya faɗi cikin ruwan kwata. Wani tsoho mai shayi ne ya kamo hannuna ya ja ni gefe, yana cewa, "Yi haƙuri ɗana, kar ka biye masa, zo ka sha ruwa." Ba don tsohon nan ba, da yanzu wani labarin ake yi.

Wannan Bahaushe ne ɗan'uwana, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Shekara goma sha huɗu ina Legas, na sha "aboki" daga bakin 'yan agbero, na sha kora daga mai gidan haya, ina nan aka yi rikicin Mile 12 na 2016 muka kwana a tsaye. Duk wannan bai ƙona mini rai kamar dariyar yau ba.

Amma a cikin danfo ina dawowa, maganarsa ɗaya ta ƙi barin kaina: wa ya yi sulhun? Marar mutunci ne, amma tambayar tana nan. Wa zan kama? Wa ya sa hannu? Wa ya tsaya a matsayin mai lamuni, wanda in an karya alkawari za a je ƙofarsa a ce fito ka yi bayani? Babu. Gwamnati ta ce ita ba ta sulhu da 'yan ta'adda, jama'ar gari ne suka ga dama suka yi. Jama'ar gari kuwa wuya ce ta kai su, mutum ya shekara uku bai taka gonarsa ba me zai ƙi sa wa hannu? In abin ya yi kyau na wata biyu, kowane ɗan siyasa ya fito ya ce ƙoƙarinsa ne. In ya watse, sai a nemi mai shi a rasa.

Kuma yau muka fara gani? A 2016 gwamnatin Zamfara ta zauna da Buharin Daji, aka yi bikin ajiye makamai, ba a je ko'ina ba ya koma ruwa, har aka kashe shi a 2018, kuma ba gwamnati ce ta kashe shi ba, ɗan'uwansa ɗan bindiga ne. A 2019 Masari, gwamnan Katsina na lokacin, ya bi ƙananan hukumomin bakin daji yana zama da su, duk mun ga hoton da ya tsaya kusa da mai riƙe da bindiga. Shekara ba ta cika ba ya fito da bakinsa ya ce sun ci amanarsa. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Wanda ya jagoranci ɗaukar yaran, Auwalun Daudawa, a Fabrairun 2021 aka kai shi Gusau ya dafa Alƙur'ani ya ce ya tuba, wata uku ba su cika ba ya koma daji. A watan da ya yi rantsuwar ma aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe. A 2022 masarautar 'Yandoto ta naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani da sunan neman zaman lafiya, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 a kansa tun 2020. Ku koma baya ma, ranar 17 ga Oktoban 2014 babban hafsan tsaron ƙasar nan, Alex Badeh, ya sanar wa duniya an tsagaita wuta da Boko Haram. Kafin watan ya ƙare Mubi ta faɗa hannunsu. Sau nawa za a sari mutum a rami ɗaya?

Ni ba boko na yi mai zurfi ba, albasa nake sayarwa, amma na san in zan ba mutum bashi sai na san inda yake kwana. Ta yaya za a ce an yi sulhu da mutumin da ya zo wurin zaman da bindigarsa, ya koma da ita? Dajin nan ba sarki ɗaya gare shi ba. Daba-daba ce, kowace da ubangidanta. Ka yi da wannan, gobe wancan ya zo ya ce shi ba da shi aka yi ba. Wanda aka yi da shi ɗin ma yaransa su tsallaka ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka su yi ɓarna, su dawo su wuce ta kasuwarku da shanun sata, ba mai cewa uffan saboda kar a ɓata sulhu. Su abin da suke so a buɗe musu kasuwa, su sayi mai da magani da hatsi, jami'an tsaro su ja baya, a sako musu mutanensu da ke tsare. Da sun cika rumbu sun huta, sai a wayi gari da ƙarar babura. Kuma gaskiya ɗaya ce, ba ɓangare ɗaya ke karyawa ba. Ana cikin sulhu wani ɗan sa-kai zai tare Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba a hanyar kasuwa ya kashe, washegari a huce a kan ƙauyen da bai san an yi ba. Ba mai bincike, ba mai hukunci, ba alƙalin da za a kai wa ƙara. Da damina ka biya kuɗin noma, da kaka ka biya kuɗin girbi, duk a cikin sulhun ne. Haraji ne wannan, mai karɓarsa ne kawai ya canja.

Kuma a kan wa yake ƙarewa? A kanmu 'yan ci-rani. Je ka Agege, je ka Idi-Araba, je ka Alaba Rago, shiga kowane masallacinmu bayan sallar isha'i, da wuya ka fita ba a miƙe da takarda ana neman taimakon kuɗin fansa ba. Mai gadi, mai wankin takalmi, mai tura ruwa a kura, kowa ya zaro ɗari biyar ɗin da ya wuni yana nema a rana. Kuɗin nan daga Legas yake tashi ya faɗa daji, a sayi harsashin da za a harbi iyayenmu da shi. Mun sani, muna bayarwa, don ba mu da wata hanya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ɗauko buhu daga Arewa ya ninka, ga shingayen hanya kowanne da hannu a miƙe, ɗan abin da ya rage kuma daji ya cinye. A 2021 aka datse mana layin waya na watanni da sunan yaƙi da su, muna nan ba mu san wa ya mutu wa ya rayu a gida ba, aka buɗe layin suna nan daram. Kotu ta ayyana su 'yan ta'adda, ga su a bidiyo suna jawabi da lasifika ana tafa musu. Masu mulki in za su je yankin da jerin motocin soja suke zuwa, mu kuma a ce mana hanya ta yi lafiya, mu ɗora 'yan'uwanmu a motar haya.

Mu ma talakawa ba zan wanke mu ba. Wa ke kai musu mai a jarka? Wa ke kai burodi? Wa ke buga waya ya ce ga mota nan ta taso, akwai ɗan Legas a ciki? Abin ya yi yawa har zukata sun bushe, an kai matsayin da za ka ce wa mutum an sace ƙanenka ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Wanda ya tura mana bidiyon sulhu da saurinsa, yau ko gaisuwar jaje bai turo ba.

Zuwa daren jiya abin da muka haɗa dubu ɗari tara da arba'in ne, har da kuɗin sadakin yarinyar da ta ce a saka a ciki, an ɗage bikin. Na sa rumfata a kasuwa, wanda ya taya ya san a matse nake, rabin kuɗinta ya yi mini tayi. Sun ce jibi bayan azahar za su sake kira. Gobe da asuba zan koma tashar nan da dubu goma sha biyar ɗinsa a hannu, in ajiye masa a kan bencin, in sake roƙon lambar.