Motar da ta ƙi tsayawa, ta dawo ta ƙi tafiya

Pajero ɗina 'yar 1994 ce, mai shan dizal, kuma a unguwarmu Aboabo, cikin Kumasi, babu yaron da bai san ta ba, don galibinsu sun taɓa tura ta. Uwargida ta raɗa mata suna Kishiya, wai abin da take ci a wata ya fi kuɗin cefane.

Watan jiya ta ɓullo da sabon hali. In na taka birki sai in ji "fsss" a ƙarƙashin ƙafata kamar maciji ya kwana a wurin, feda kuma ta yi tauri kamar dutse. Ranar da na kusa shigewa bayan wata trotro, wato bas ɗin haya, ina miƙe a kan feda da ƙafa biyu ina salati, ranar na kai ta Magazin, unguwar makanikai can Suame, wurin makanikena Masta.

Ya ce in kashe inji, in taka feda sau biyar, in riƙe, sannan in tayar. Na yi. Feda ba ta motsa ba.

"Da busta na da rai, Alhaji, da ka ji ta ɗan sauka."

Busta shi ne baƙin abin nan mai kama da kwano biyu da aka kife, a jikin bangon da ke tsakanin inji da direba. Akwai faffadar roba a ciki. Wani ɗan famfo a bayan altaneta yana zuƙe iskar ciki, in ka taka sai iskar waje ta turo robar, ta taya ƙafarka. Tawa robar ta yage, domin masta, wato silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi, yana ta yoyo a cikinta. Sai an canza su duka biyu. Kuɗin aiki sidi 400.

"Noti nawa ne a jiki?" in ji ni.

"Shida. Huɗu a ciki, biyu a waje."

Na buga lissafi, kowane noti ya kusa sidi 67. A nan na lura masta biyu ne a gabana, ɗaya mai gemu, ɗaya na ƙarfe. Na yanke shawarar in sayi na ƙarfen, in bar mai gemun ya huta.

Mai sayar da kayan hom-yus, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, ya tambaye ni ko sitiyarina a hagu yake ko a dama. Na ce birki ai birki ne. Sai da na isa gida na ga ramukan bututu suna kallon wancan gefen, ashe daga jikin motar Japan aka ciro shi, mu kuwa tun 1974 Ghana ta koma bin hannun dama, sitiyarinmu a hagu. Washegari na koma na canzo, na ƙara kuɗin mota a kan abin da nake cewa na tsira da shi.

Notin nan huɗu na ciki, wanda ya sa su a wurin bai yi tunanin mai tumbi ba. Sai da na kwanta rigingine, kaina a ƙarƙashin feda, ƙafafuna a saman kujera, tocila a baki. Ladanin unguwarmu ya zo wucewa, ya ga ƙafa biyu a sama ba motsi, ya fara innalillahi. Na so in amsa masa, tocila ta faɗo mini a ido. Man birki kuma ya ɗiga a gefen mota, na ce zan goge anjima. Kafin anjima ya cinye fentin.

Da la'asar an ɗaura komai, saura cire iska. Wannan aiki na mutum biyu ne: ɗaya yana taka feda, ɗaya yana ƙarƙashin mota yana buɗe ɗan notin taya, iska ta fita, ya rufe kafin a ɗaga ƙafa. Ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, wato ta baya ta hannun dama. Yara sun tafi makarantar allo, don haka na lallaɓo uwargida. Na ce kalma uku ce kawai: taka, riƙe, saki.

Na shige ƙarƙashi, na ɗaga murya don ta ji.

"Taka! Riƙe! Saki!"

Kumfa ta fito.

"Taka! Riƙe! Saki!"

Ana cikin na uku sai na ga silifas guda shida sun kewaye motar. Maƙwabciyarmu Hajiya Babba ce da wasu mata biyu, mayafi ma a hannu suka riƙo shi.

"Maman Hadiza, nawa ya yi? Mu dai biyu muka ji da kunnenmu!"

Na fito da rarrafe, mai har gashin gira, ina bayanin cewa feda nake nufi. Hajiya Babba ta ce ko feda ce ko mene ne, kalmar ba abin wasa ba ce, a tambayi malam. Uwargida kuwa dariya har da hawaye, kuma wurin dariyar ta ɗaga ƙafa alhali notin yana buɗe, duk iskar da muka fitar ta koma.

"Baban Hadiza, daga yanzu ka ce ɗaga ƙafa. In ka ƙara faɗin waccan, kayana zan haɗa."

Da "ɗaga ƙafa" muka gama tayoyi huɗu, bayan isha'i. Feda ta dawo sama, tana kamawa tun kafin ka gama niyya. Na kwana ina jin kaina injiniya.

Ranar Lahadi akwai biki a Tafo. Na ce ba mai hawa pragya, wato keke mai ƙafa uku, ni zan kai su, har da surukata, na sa ta a gaba don ta ga aiki. Da farko lafiya lau. Can sai mota ta fara nauyi kamar ina jan tirela. Na ƙara mai. Surukata ta shaƙi iska ta ce, "Wa ke ƙona roba da safiyar nan?" Muna isa fitilar Krofrom na tsaya, fitila ta ba da hannu, Kishiya ta ce ba inda za ta. Inji na kuka, taya ba ta juyawa. Direbobin trotro suka buɗe mini hon da Turanci da Asantanci, samari biyar suka tura, ko gezau.

Masta ya iso a babur, da rigar zuwa biki shi ma. Bai gaishe ni da kyau ba. Ya kai hannu kusa da taya ya janye, ya buɗe bonet, ya sassauta notin masta guda biyu. Nan take mota ta saki jiki, har ta fara gangarawa.

"Ka auna sandar busta, Alhaji?"

"Wace sanda?"

Ashe akwai ɗan ƙarfe da ke fitowa daga busta yana tura fistan na masta, kuma ana daidaita tsawonsa. Nawa ya yi tsawo, bai fi kaurin ƙwayar shinkafa ba. Shi ya danne fistan, ya toshe ɗan ramin da man birki ke komawa tankinsa. Mai ya yi zafi, ya kumbura, ya rasa hanya, sai ya matse birki, matsewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara matsewa. Masta ya ja silindar gaba, ya murɗa kan sandar kaɗan, ya mayar, ya ɗaure.

Kafin ya gama surukata ta tare pragya. Tana hawa ta leƙo ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗana. Ka dai taho a hankali."

Masta ya goge hannu ya ce sidi 400, da 50 na man babur. Ina ƙirga masa, uwargida ta sauke gilashi.

"Baban Hadiza, noti biyu ya taɓa ko? Kowanne ya kama 225 ke nan."