Megawat ɗin da ake yi wa guɗa a Legas, sha za su yi

Tun da MTN ta buɗe cibiyar adana bayanai ta Dabengwa a Ikeja cikin Yulin 2025 ake ta kaɗa mana ganga, wai Legas ta zama uwar fasahar Afirka. A lissafo sauran irin waɗannan gine-ginen jibge manyan kwamfutoci: Rack Centre ta Oregun, da MainOne ta Lekki wadda kamfanin Equinix na Amurka ya saya kan dala miliyan 320 a 2022, da ginin Airtel a Eko Atlantic. Kowa ya tashi sai ya ce megawat kaza, har mai sauraro a Agege ya ɗauka wuta za a ƙaro masa. Alhali wutar da ginin zai sha ake nufi.

Kuma ba ƙaramin sha ba ne. Cibiya mai matakin ingancin da ake kira Tier III bai kamata ta tsaya fiye da awa ɗaya da minti 35 a shekara ba. Kwamfutocin ciki na fitar da zafi dare da rana, a gari mai gumi irin Ikko kuwa na'urorin sanyaya ɗaki ke cinye kaso mai tsoka na wutar. Da zarar an ɗauke wuta, batura ke riƙe kayan na 'yan mintuna kafin janareto ya tashi. In ya yi gardama, ko aka samu ruwa a cikin dizal, zafi ya taru, injuna su kashe kansu, mai POS a kasuwar Mile 12 ya ga kuɗi sun fita ba su shiga ba.

Layin wutar ƙasa da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200, yana kuma durƙushewa sau da dama a shekara, ina zai iya da wannan? Shi ya sa masu cibiyoyin ke kafa injunan gas da dizal nasu, su haskaka cikin katanga, unguwar da ke bayanta na fama da duhu. Mai walda da aka jefa rukunin Band A na waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, wanda kuɗin wutarsa ya haura zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, me ya samu?

Masu cewa za a samu ayyukan yi su je su ƙirga ma'aikatan irin wannan gini bayan magina sun kwashe kayansu.

Ga kuma tara komai a baki ɗaya na teku. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, bankuna sun rikice tun daga Idi-Araba har Kantin Kwari.

Yanzu Legas na da dokar wutarta tun Disamban 2024, uzuri ya ƙare. Duk mai son fili ya kafa cibiya, a gindaya masa sharaɗin samar da wutar da ta fi buƙatarsa, ya sayar wa maƙwabta ragowar. Wanda ya ƙi, ya nemi fili a wani wuri.