Tauraron Baitalami: gardamar Jamusawa da tamu ta gida

A babbar majami'ar birnin Kolon na Jamus, bayan bagadi, akwai wani akwati mai rufin zinariya da ake cewa ƙasusuwan sarakuna uku ne a ciki, waɗanda suka bi tauraro har Baitalami wurin jariri Yesu. A 1164 aka kwaso su daga Milan. Duk shekara wajen 6 ga Janairu yara kan ɗora kambin takarda a ka, su bi gida-gida suna waƙa, su rubuta C+M+B, haruffan farko na sunayen da al'ada ta ba sarakunan, da alli a saman ƙofa. Amma wanda ya buɗe musu ƙofar ya ba su alawa, shi ne zai gaya maka ba tare da wata fargaba ba cewa Matiyu, a Linjilarsa, bai ce su uku ba ne, bai kuma kira su sarakuna ba. Masana taurari daga gabas ya ce. Kyaututtukan ne uku: zinariya, lubban da mur.

A nan Jamus tauraron suka sa a gaba. Mutane ne da hadari da hasken fitilu suka hana ganin sama a Disamba, sai su biya kuɗi su shiga ɗakin nuna taurari, a juya musu sararin samaniya baya shekara dubu biyu. Tun zamanin Kepler, masanin taurari, wanda ya ga Mushtari da Zuhal sun kusanci juna a 1603, ake lissafin cewa taurarin biyu sun yi irin wannan haɗuwa har sau uku a shekara ta 7 kafin Miladiyya. Wasu su ce tauraro mai wutsiya ne, kamar yadda mai zane Giotto ya zana a Paduwa ta Italiya, sai dai mai wutsiyar da ake kira Halley ya wuce tun shekara ta 12 kafin Miladiyya, ya yi sammako da yawa. Wasu kuma su kawo rubutun masana na Sin a kan wani haske da ya yi kwana saba'in a sama a shekara ta 5 kafin Miladiyya. Ni dai duk ba su gamsar da ni ba, don tauraron Matiyu ya yi gaba ne ya tsaya a kan inda yaron yake, kuma babu Mushtarin da ke nuna gida.

Inda gizo ke saƙar ma ba a sama yake ba. Matiyu ya sa haihuwar Yesu a zamanin Sarki Hirudus, wanda yawancin masana tarihi suka ce ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya. Luka ya haɗa ta da ƙidayar Kiriniyas, gwamnan Suriya, wadda aka sani a shekara ta 6 Miladiyya. Tazarar kusan shekara goma ke nan. Fastocin nan a makarantar tauhidi ake koya musu wannan, kuma ba ya hana su hawa mumbari.

A gida, a Wusasa, muna da sama fes a hunturu, Zara da Kaza da 'ya'yanta a bayyane, coci cike har waje, amma yaron da ya tambayi wannan tazara sai a ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Gardamar da muka iya ita ce ta 25 ga Disamba, wadda ke tashi a Facebook kowace shekara. Ɗan'uwa Musulmi ya kawo Suratu Maryam, ya ce nunannen dabino ba ya zuba a lokacin sanyi. Kirista ya harzuƙa, alhali Luka da kansa ya ce makiyaya suna kwana a fili da garkensu, kuma babu Linjilar da ta faɗi rana ko wata. Shaidar farko ta bikin 25 ga Disamba daga Rum take, a 336. Kibɗawan Masar da Habashawa 7 ga Janairu suke nasu, Armeniyawa 6 ga wata.

Da zan samu, a darasin makarantar Lahadi na manya a riƙa buɗe Matiyu 2 da Luka 2 gefe da gefe, a bar matasa su gano bambancin da kansu a gaban fasto, tun kafin wani ya jefa musu shi a waya da daddare.