Matasa, wane irin fim ne ya cika wayoyinmu?

'Yan uwa matasa na Zumunta a nan Gombe, gaisuwa cikin sunan Yesu. Duk wanda ya tsaya bakin majami'a bayan an tashi sujada ya san abin da ke gudana, ana tura wa juna fassarar Indiya ta Xender, wannan na tambayar wancan kashi na nawa ka kai, wata kuma ta kwana tana kallo har ta zo sujada tana gyangyadi. Ni ban ce kallo zunubi ba ne. Abin da ke ci min tuwo a kwarya shi ne mun haddace sunayen jarumai na karya amma mutanen da suka sha wuya saboda bangaskiyar nan da muke takama da ita ko sunansu ba mu sani ba, alhali an yi finafinai masu kyau a kansu, da yawa ma suna YouTube kyauta.

Ku nemi fim din da aka yi kan Eric Liddell, dan tseren nan na Sikotilan. A gasar Olamfik ta 1924 a Faris, tseren mita 100 ne gwanintarsa, sai zagayen share fage ya fado ranar Lahadi, ya ce shi kam ba zai yi gudu a ranar Ubangiji ba. Aka yi ta surutu a kansa, ya koma mita 400 ya kuma ci zinare. To a nan fa ku lura, fim ya nuna kamar a hanyar tafiya ya samu labarin, alhali ya sani tun watanni kafin gasar ya kuma shirya. Masu fim suna kara gishiri, sana'arsu ce, shi ya sa in ka gama kallo ka je ka karanta. Abin da ya fi taba ni ma bayan zinaren ya faru, a 1925 ya bar suna da daukaka ya koma kasar Sin aikin mishan, can ya rasu a 1945 cikin sansanin da sojojin Japan suka tsare shi. Saurayin da ya ga wannan, in aka ce masa ya zo a yi magudin jarabawa ko a sha kwaya don kar a kira shi bagidaje, ai ya san akwai wanda ya taba cewa a'a duniya na kallonsa.

Haka labarin William Tyndale, wanda aka shake aka kona gawarsa a 1536 saboda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci domin talaka ya karanta da kansa. Mu namu na Hausa tun 1932 aka kammala shi, ga shi nan a kan taga kura ta rufe.

Namu tarihin fa? A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa, shekara ba ta zagayo da kyau ba biyu sun rasu, Bingham kadai ya rage. Daga wannan aikin na kungiyar mishan ta SIM aka samu cocin ECWA a 1954. Kuma ba Turawa kadai suka yi ba, kakanninmu na Kaltungo da Billiri da Tula ne suka rika takawa a kasa kauye kauye da bishara, wasu iyayensu suka kore su daga gida, kuma har yau ana ba da labarinsu a hira a tsakar gida. Tsofaffin da suka gan su da ido suna ta tafiya. Kowannenmu na da kyamara a aljihu, don Allah ka je wurin Baba ko Kaka ka durkusa ka gaishe su, ka ce su ba ka labarin yadda aka gina majami'ar farko a garinku, ka dauka ka ajiye.

Shugabannin Zumunta, ku ma da ku nake. Da can ana daura farin kyalle a bangon coci a tada janareto a haska fim din Yesu na Hausa, kwari na zagaye fitila, yara sun cika tabarma, in an zo wurin gicciye sai ka ji tsofaffin mata na shesshekar kuka suna cewa wayyo Yesu. Yanzu kowa ya kule a daki da wayarsa. Ku ware Asabar daya a wata bayan koyon waka, a aro majigi, a samu wanda ke jin Turanci sosai ya rika fassara wa iyayenmu mata, in an gama kar a watse, a zauna ko rabin awa ne Fasto ko wani dattijo ya bambance mana abin da ya faru da gaske da wanda 'yan fim suka kara. Kudin man janareto kuwa in kowa ya rage datar kwana biyu ya isa.